Tagar Ɗakin Rabi

Laraba, bayan sallar Asuba

Yau ma ta taga na fita masallaci. Na kifa turmin Rabi a ciki na taka, na zura ƙafa waje, na lalubi bulon da na ajiye a lungu. Dattijon da ya yi hedimasta a Baure, ya yi sufeton makarantu har ya yi ritaya, shi ne ke fita gidan ubansa kamar kyanwa. Ba wanda ya gan ni sai akuyar maƙwabcinmu Malam Hafizu, ita kuwa ta fi mutanen zaurenmu iya kama baki.

Na rantse da Allah a gaban jama'a cewa ba zan ƙara bi ta zauren gidan nan ba muddin ƙanena Sabiru yana shimfiɗa tabarmarsa a ciki. Abin da ya faɗa kafin in rantse ba zan rubuta shi ba. A kan yaron nan ne, ɗana na fari, da ya bar gida, har yau muna jiran kiransa. Matata Rabi tana bayan ƙyaure, ta ji komai. Da yamma ta faɗi a madafi, ɓarin jikinta na dama ya saki. 'Ya'yan Sabiru suka fita da ita ta zaure, ni kuma na ɓalle ƙarafan tagar ɗakinta da taɓarya na bi su ta lungu.

Tana asibiti a Katsina, 'yarmu Khairunnisa na jinyarta. An ce ta fara haɗiye kunu. Alhamdu lillahi.

Alhamis, da hantsi

Khairunnisa ta kira. Bayan gaisuwa ta ce, “Baba, likita ya ce nan da 'yan makonni za su sallame ta. Amma a keken guragu za ta dawo, kuma sau biyu a mako za a riƙa kai ta gashi a asibiti.”

Na ce to, Allah ya kai mu.

Ta ce, “Keken ba zai juya a shigifarmu ba. Ka san yadda kakanmu ya gina ta.”

Na sani. Mahaifinmu ya karkata ƙofar zaure da ta shigifa don kada na waje ya hango tsakar gida, tsakaninsu kuma wani ɗan siririn lungu ne mai kwana. Ko buhun gero sai an kwantar da shi ake wucewa.

Ta ce, “Ko da zai juya ma, wa zai tura ta? Kai da ba ka bin zaure? Na gyara mata ɗaki a gidana, Baba. A nan za ta zauna.”

Na ce zaman kwana nawa? Ta sauya zance. Na fahimta, ni na koya mata karatu.

Shekara arba'in da ɗoriya ina jin tarin matar nan ta bango. Na ce wa Khairunnisa ta auno mini faɗin keken. Ta ce me zan yi da shi. Na ce ta auno kawai.

Alhamis, bayan La'asar

Na ɗauko babban rulan allo da na taho da shi daga Baure na auna tagar. Ta gaza faɗin keken da kamar yatsa uku. Tsawo kuwa ba matsala, in na sauke bangon da ke ƙarƙashinta har ƙasa, ko ni zan wuce ba tare da na sunkuya ba.

Tagar nan za ta zama ƙofa. Na daɗe ban ji zuciyata ta yi sanyi kamar yau ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Bai kira ba.

Asabar, da azahar

Na je shagon Boniface mai kayan gini. Ya fi shekara talatin a garin nan, Hausarsa ta fi ta wasu malaman da na duba a aji. Yana hango ni ya ce, “Hedimasta, an ce yanzu ta taga kake shiga gida. Madam ta kore ka ne, ko motsa jiki kake yi?”

Na ce ashe har labarin ya iso kasuwa.

Ya ce, “Ya wuce kasuwa, ya kai tasha.” Sai ya daina dariya ya tambayi jikin Rabi. Ya ce matarsa Eucharia tana sa ta a addu'a kullum.

Na faɗa masa abin da nake nufi. Ya ce in ɗauki magini. Na ce maginan unguwarmu kashi biyu ne, waɗanda ke shan shayi a majalisar Sabiru da waɗanda na kora daga aji saboda ba su san bakwai sau takwas ba. Ba na son ko ɗaya a ɗakin matata.

Ya ce, “To kai ka taɓa riƙe diga?”

Na ce na taɓa riƙe aji mai yara tamanin.

Ya ce, “Bango ba ya jin tsawa, Hedimasta.”

Duk da haka ya shiga ciki ya jawo wata tsohuwar ƙofar ƙarfe da firam ɗinta, wadda aka ciro daga wani kanti da aka rushe. Shuɗiya ce, fentin ya ɗan ɓare, sakatarta lafiya. Na aza rula a kanta, ta fi keken faɗi da tafin hannu. Ya ara mini guduma da diga da kwanon sarki, ya ce da yamma mai kura zai kawo ƙofar da siminti ta lungu. Ta lungu ya ce, da kansa, ban roƙe shi ba.

Lahadi, da safe

Abin da na fi tsoro shi ne azarar da ke saman tagar. Ita ke ɗauke da bango da rufin soro. In gajera ce, da na faɗaɗa ramin za ta rasa mazauni, sai rufin ya sauko mini a ka, Sabiru ya samu labarin da zai bayar har ƙarshen rayuwarsa.

Na ɓare filastar siminti a hankali na bi azarar da ƙusa. Ta shige bango fiye da kamu ɗaya ta kowane gefe. Guda huɗu ne a jere, baƙaƙe, gara ba ta taɓa su ba. Mahaifinmu bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma bai yi wa bango rowa ba. Na zauna a kan turmi na yi masa addu'a.

Duk da haka na tokare su da itace biyu. Na ga gine-ginen makarantu da yawa waɗanda aka ce lafiyarsu ƙalau.

Lahadi, bayan Magariba

Madina, matar Sabiru, ta kawo tuwo. Tun da Rabi ta kwanta ita ke ba ni abinci, tsakar gida dai ban rantse a kanta ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, idonta na kan itacen tokara.

Ta ce, “Yaya, Alhaji ya ce a tambaya ko ana bukatar yara su kama aiki.”

Alhaji. Sabirun da ya gudu daga aji huɗu ya bi shanu zuwa Mai'adua. Yau shi ne mai mota biyu, shi ake tashi a gaisar, ni kuma ina da takardun shaida a akwati, kyankyaso na karanta su.

Na ce ta ce masa an gode.

Ta ce, “Shi ke nan saƙon?”

Na ce shi ke nan. Miyar kukar ta yi daɗi, wannan kam ban ɓoye mata ba.

Talata, bayan Azahar

Kwana biyu ina sauke bango. Na janye gadon Rabi da akwatunanta zuwa ɗaya kusurwar na rufe da tabarma. Daga sama na fara, tubali ɗaya bayan ɗaya. Boniface ya yi gaskiya, diga ta fi ƙarfina, don haka na koma jiƙa ƙasar da ruwa ina ɓamɓara da guduma. Tubalan irin na da ne, mulmulallu, da ciyawa a ciki. A jikin wani na ga shatin yatsun wanda ya mulmula shi.

Tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe. Bayana kamar an ɗaura mini dutsen niƙa. Amma ɗazu da aka kira salla na miƙe na fita a tsaye, da ƙafafuna biyu, ba turmi ba bulo. Na tsaya a lungu na waiwaya ina kallon ramin. Malam Hafizu ya zo wucewa ya ce, “Malam Sada, ɓarayi ne?” Na ce a'a, mai gida ne.

Laraba, da yamma

Ban yi dokin ƙofa ba, da gangan. Kowace ƙofa a garin nan tana da wannan tudun da ake tsallakewa, amma keke ba ya tsallake. Na sauke bangon daidai da daɓen ɗaki, na share, ya yi sumul.

Bai kira ba.

Alhamis, bayan Isha

Na je Katsina na dawo.

Rabi ta rame. Bakinta ya ja gefe ɗaya, maganarta sai an kasa kunne. Ta kama hannuna da na hagunta, ta juya shi ta ga ƙurajen. Ta dube ni. Na ce noma na fara. Ta san ban taɓa noma ba, amma ba ta da ƙarfin gardama.

Ta ce, “Ya kira?” Na ce layin can ba shi da kyau.

Ta ce, “Wa ke share mini ɗaki?” Na ce ni. Wannan kam gaskiya ne, ba a taɓa share ɗakin nan kamar makon nan ba.

Ban gaya mata zancen ƙofa ba. A waje na faɗa wa Khairunnisa, na ce kada ta gaya mata, ina so ta gani da idonta. Khairunnisa ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Baba, zan zo da keken in gwada da kaina. In bai shiga lafiya ba, maganata tana nan.” Halin uwarta ne da bakina. Haɗin bai yi wa kowa daɗi ba.

Asabar, da hantsi

Firam ya zauna. Ni kaɗai na ɗaga shi, ina ja ina hutawa. Na ɗaura dutse a zare na saki daga sama don in ga ko ya miƙe, na cusa gutsattsarin itace ta gefe har zaren ya bi ƙarfen daidai. Shekaru ina zana kusurwa a allo ina ce wa yara wata rana za ta yi musu amfani, ban yarda da abin da nake faɗa ba. Ashe ni za ta yi wa.

Na cike gefe da gefe da siminti. Gobe in ya kama zan rataya ƙyauren.

Lahadi, bayan La'asar

Ta buɗe, ta rufe, sakata ta shiga. Na buɗe na rufe har sai da na ji kunyar kaina.

Litinin, da safe

Ruwan farko ya sauka jiya bayan Magariba, ina masallaci. Mutane suna ta hamdala, ni ma ina yi.

Da na dawo na tarar da ɗakin Rabi ya zama tafki.

Abu biyu ne. Indararon da ke zubar da ruwan rufin soro yana saman tagar nan daidai. Tun ina yaro yake wurin, ina jin ƙararsa kowace damina, ban taɓa ɗaga kai na dube shi ba. Na biyu, lungu ya fi ɗakin tudu. Shekara da shekaru ana zuba shara da ƙasa a waje, gida yana nan inda yake. Ruwan indararo ya zuba a bakin ƙofa, na lungu ya taho ya same shi, suka shiga tare ta ƙarƙashin ƙyaure kamar an gayyace su. Abin da dokin ƙofa ke tarewa ke nan. Na cire shi da hannuna, har ina yaba wa kaina.

Katifarta ta jiƙe. Akwatin ƙasa, mai zannuwan da take ajiya tun na aurenta, ya sha ruwa har rabi.

Na zauna a bakin gado ƙafafuna cikin ruwa. Abin da ya zo mini a rai shi ne ɗakin da aka gyara a Katsina, mai tayil da fanka.

Litinin, bayan Azahar

Madina ta leƙo da abincin rana, ta ga abin da ya faru. Ta ajiye kwano ta juya. Can sai ga ta da 'ya'yanta mata biyu da tsintsiya da bokiti. Suka kwashe ruwan, suka fitar da katifa rana, suka wanke zannuwan ɗaya bayan ɗaya suka shanya. Tsakar gida ta cika da kayan Rabi kamar ana biki.

Na ce, “Kada maganar nan ta je Katsina.”

Ta ce, “Yaya, wace magana? Mun ga rana ta fito ne muka yi wanki.”

Zane ɗaya ne kawai ya zuba. Alhamdu lillahi.

Laraba, da yamma

Na samo bututun roba wajen Boniface na ɗaura a bakin indararo, na sauko da shi ta jikin bango nesa da ƙofa. Da ya ji labarin ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce, “Ka gode wa Allah tun Madam ba ta dawo ba aka yi maka jarrabawar.”

A bakin ƙofa na yi tudu da siminti, amma ba mai tsaye ba. Na yi masa gangare ta waje da ta ciki, kamar bayan kunkuru, yadda taya za ta hau ta sauka, ruwa kuma ya tsaya. Sau biyu ina rushewa. Na farko ya yi tsayi har ƙyauren ya ƙi rufuwa.

Lungun ne ban san yadda zan yi da shi ba. Yana bukatar a haƙa masa hanyar ruwa har bakin kwata, ni kuwa bayana ya gama nasa.

Alhamis, bayan sallar Asuba

Na dawo masallaci gari ya fara haske, sai na ga an haƙa hanyar ruwa a lungu, tun daga ƙofata har kwata, an daddale gefenta. Jiya da La'asar na kwanta saboda baya, na ji ƙarar shebur na ɗauka a gidan Malam Hafizu ne. Shatin shebur a jikin ƙasar yana da ɓalli a baki, na kuwa san sheburin da ke da shi. A zaure yake kwana.

Ban tambaya ba. Ba wanda ya ce mini komai.

Juma'a, da yamma

An yi ruwa mai ƙarfi. Na ɗauko kujera na zauna a cikin ɗaki ina kallon ƙarƙashin ƙyaure har aka ɗauke. Ko ɗigo.

Asabar, bayan Azahar

Khairunnisa ta zo da keken a bayan mota. Ta zaure ta shiga, ta gaida baffanta, ta daɗe a can, sannan ta zagayo ta lungu tana tura keken ba kowa a ciki. Ta dubi ƙofar sama da ƙasa. Ta tura keken ya hau ya sauka.

Na ce to?

Ta ce, “Ba kowa a ciki ai. Zauna, Baba.”

Na ce ni lafiyata ƙalau.

Ta ce, “Umma ta fi iska nauyi. Zauna in gani.”

Na zauna. A lungu, da rana tsaka, matan Malam Hafizu suna leƙe ta katanga. Ta tura ni, keken ya hau tudun ya sauka cikin ɗaki, ko girgiza ban ji ba. Ta juya ni ta fitar, ta sake shigarwa. A karo na uku na ce ko ta mai da ni abin wasa ne. Ta ce tun tana aji ɗaya take jiran ranar da za ta tura ni inda take so.

Ta tsaya tana shinshina ɗakin. Ta ce, “Kamar warin danshi.” Na ce sabon siminti ne. Ta dubi zannuwan da aka ninke a kan akwati, ta dube ni, ta bar maganar.

Da za ta shiga mota ta ce, “Ranar Talata zan kawo ta.” Sai ta rage murya ta ce, “Yayana ya kira ni shekaranjiya. Yana Damagaram. Ya ce a gaya wa Umma lafiyarsa ƙalau.”

Na ce ni fa?

Ta ce, “Kunyarka yake ji, Baba.”

Yana da rai. Na shiga ɗaki na rufe sabuwar ƙofata, na yi abin da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

Litinin, da hantsi

Na yi wa ƙofar fenti. Na share lungu.

Talata, bayan Isha

Rabi ta dawo.

Motar ba ta shiga lungu, don haka a ƙofar gida ta tsaya, gaban zaure. Sabiru da mutanensa suna ciki, suka miƙe. Ni ina tsaye daga bakin lungu. Aka sauko da ita aka zaunar a keke, na zo na kama, na juya ta wajen lungu.

Ta ce, “Ina?”

Na ce na yi miki ƙofa, har cikin ɗakinki.

Na tura ta har wurin. Ta dubi ƙofar, ta dubi inda tagarta take a da. Ta daɗe. Sannan ta sa hannun hagu ta riƙe taya.

Ta ce, “Malam, ni baƙuwa ce, ko ɓarauniya?”

Na ce keken ba ya bi ta shigifa.

Ta ce, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, “Ta zaure aka kawo ni gidan nan. Ta nan aka fita da ni. Ta nan zan koma. Kai ka rantse, ba ni ba.”

Duk awon da na yi, ban auna wannan ba. Na auna keke, na auna azara, na auna ruwa, ita ce kaɗai ban tambaya ba. Khairunnisa ta dube ni, na ga hannunta ya koma kan makullin mota.

Na juya keken na mai da ita ƙofar zaure, na tsaya inda rantsuwata ta tsaya. Sai Sabiru ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa wani, ya zo ya durƙusa a gabanta. Tsakaninsa da ita akwai wasan ƙanen miji tun ranar da aka kawo ta, yana ɗan yaro.

Ya ce, “Amaryata, kin tafi yawon Katsina kin bar ni da tsoho mai fasa bango.”

Ta ce, “Rabu da ni, mijin banza. Ko dubiya sau ɗaya ka je.”

Ya ce, “Sau uku na je, kina barci kina minshari. Yau dai ni zan shigar da ke, ango yana fushi.”

Sau uku. Ba wanda ya gaya mini.

Shi da babban ɗansa suka haɗa hannuwa suka ɗauke ta kamar a kujera. Da suka zo wucewa ta gabana bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya ce, kamar da bango yake, “Yaya, a kawo keken ta can.”

Na tura keken ba kowa ta lungu, na hau tuduna na shiga. Ta bango ina jin su a shigifa, yana ce mata ta yi nauyi, abincin asibiti ya karɓe ta, tana ce masa ƙarfinsa ne ya ƙare a cin kilishi. Sai na ji dariyarta. Rabin dariya ce, ta gefe ɗaya, amma tata ce.

Suka shigo ta ƙofar tsakar gida, ni ina tsaye da keke ta ɗaya ƙofar. Suka kwantar da ita. Sabiru ya dubi firam ɗin, ya shafa simintin da hannu, ya fita ta inda ya shigo.

Alhamis, da azahar

Ranar gashi ta farko. Na yi ta tunanin yadda za a yi, ko sai an kira masu ɗauka sau biyu kowane mako. Na kawo keken bakin gado. Ta nuna shuɗiyar ƙofar da haɓa.

Na ce ashe ba ta ɓarayi ba ce?

Ta ce, “Na riga na shiga gidana. Wannan ta zuwa asibiti ce.”

Na tura ta, keken ya hau ya sauka. A lungu ta ce in tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi bututun indararo, ta ce, “Zanena mai ruwan goro ya zuba.” Na ce wanki ne. Ta ce, “Uhm.”

Asabar, da safe

Khairunnisa ta koma Katsina. Ita kaɗai. Ta bar jerin magunguna da faɗa mai yawa, ta ce kowane mako za ta zo ta duba mu. Na ce ta zo, ƙofa biyu gare mu.

Lahadi, bayan La'asar

Abin da ban hango ba shi ne mata. A da, mace in za ta zo wajen Rabi sai ta ratsa majalisar maza a zaure, ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaida kowa, don haka da yawa ba sa zuwa sai da dalili. Yanzu labari ya bazu cewa akwai ƙofa ta lungu. Tun hantsi suke shigowa. Matan Malam Hafizu, mai ƙosai, wata tsohuwa daga wajen Kusugu da na ɗauka ta rasu tuntuni, har Eucharia da kwanon farfesu. Takalma sun rufe tudun da na rushe sau biyu kafin ya yi daidai.

Ɗazu na leƙa zan ɗauki rediyona, Rabi ta ce, “Malam, mata ne a ciki.” A ɗakin da na fasa wa ƙofa da hannuna.

Ga ni a lungu a kan tabarma, bayana jingine da bangon Malam Hafizu, akuyarsa tana cin gefen tabarmar. Ba zaure, ba ɗaki. Daga nan ina jin ta tana ba su labarin asibiti. Rabin maganar ba a ganewa, su kuma suna ta cewa ƙwarai kuwa, ƙwarai kuwa, ita kuma tana ci gaba.